Marka Mai Kaɗi da Rigar Barde Tankarau

Ranar wata kasuwar Rafin Angurya, rana ta take tsaka, sai tsohuwar rijiyar marina da aka daina rini a cikinta tun zamanin kakanni ta kama tafasa. Shuni ya yi ta ambaliya yana tururi, can sai ga wani ƙato ya ɓullo daga ciki, jikinsa ja wur kamar ƙarfen da aka zaro daga maƙera. Duk inda ya taka sai ciyawa ta ƙone. Bai yi wa kowa sallama ba, ya miƙe sai rumfar masu zare, ya sauke wata jakar fata daga kafaɗarsa ya zazzage a gaban mata. Manyan yatsun hannu ne, guda arba'in, wasu sun bushe, wasu da sauran jini.

Ya ce, "Ya ku bil'adama, ni ne Tartsatsi, jakadan Ragargazau sarkin Birnin Garwashi. Waɗannan yatsun masu kaɗi ne na garuruwa bakwai, an sa su aiki sun kasa. An ce mana a garin nan akwai wadda ta fi su duka. Ina Marka matar Tunau?"

Wani mahauci mai suna Gwadabe, wanda ya saba kada bijimi shi kaɗai, ya zaro wuƙar fawa ya yi kansa. Tartsatsi ya cafke shi da hannu biyu, ya yage shi kamar tsohon tsumma, ya jefa rabi kan rumfar masu gishiri, rabi cikin kwata. Kasuwa ta watse. Mai kaza ya bar kaza, mai goyo ta manta zane.

Mutum biyu ne ba su gudu ba. Ɗaya Marka, tsohuwa siririya mai sauran haƙora huɗu a baki, wadda ba ta tashi ba don mazarinta yana kan juyawa, ita kuwa ba ta katse zare saboda kowa. Ɗaya mijinta Tunau masaƙi, wanda shi ƙafafunsa ne suka ƙi ɗaukarsa.

To, wannan Tunau gwani ne a saƙa, ba mai musun haka, amma bakinsa ya fi hannunsa sauri. Ba kasuwar da bai ci ba, kuma ba wadda bai tsaya a cikinta ya ce zaren matarsa ko aljanu ba su da irinsa ba. Ai kuwa magana zarar bunu ce. Aljanun sun ji.

Marka ta naɗe zarenta, ta dube shi ta ce, "To, Malam, ga baƙinka sun iso. Sai ka tashi ka ba su ruwa."

Ya ce, "Haba Marka, yanzu lokacin gori ne?"

"Da wane lokaci ne? In an yanke mini yatsa da me zan nuna ka?"

Tartsatsi ya ce, "Ku biyun duka za ku. Ke ki kaɗa, shi ya saƙa ya ɗinka. Kwana bakwai. In aiki ya yi, ku dawo. In bai yi ba, ke yatsanki, shi kansa."

Marka ta tattara taskirarta ta kayan kaɗi, da mazari, da alli, da magurjin auduga, da bakan shiɓa. Tunau ya rungumi kayan saƙarsa. Aljanin ya ɗaura musu sarƙa a ƙugu, ya ja su suka faɗa rijiyar marina.

Suka yi ta nutsewa cikin shuni har numfashi ya kusa ƙare musu, sannan suka faɗo wata ƙasa mai sama baƙa-baƙa kamar rawanin da ya sha bugu. A can rana ba ta faɗuwa, da bugun tambari ake ƙidaya kwana. Suka shiga wani daji wanda ƙayoyinsa allurai ne na ƙarfe, in iska ta kaɗa sai itatuwa su yi ta harbi. Tartsatsi yana gaba, allurai suna narkewa a jikinsa. Su kuwa suka kare fuska da faifan rufe taskira, amma kafin su fita Tunau ya zare allura goma sha ɗaya daga mazaunansa, yana zarewa yana salati.

Daga nan suka iso wani kwari, sai sama ta yi duhu da tsuntsaye, bakunansu almakashi ne, suna tafe suna ƙyas-ƙyas. Na farko ya sauko ya tsage wa Marka goshi, na biyu ya ɗauke wa Tunau hula da fatar kai kaɗan. Tartsatsi ya koma gefe ya harɗe hannu.

Ya ce, "Wanda bai iya wuce nan ba, bai isa ya ga sarki ba."

Marka ta lura tsuntsayen sun fi kai sara ga bakin zanenta inda zare ya zazzaro. Ta ce, "Ashe zare kuke so." Ta zaro wani babban dunƙulen zaren abawa daga taskira, ta riƙe bakinsa, ta wurga shi sama. Ya tafi yana warwarewa. Tsuntsayen suka yi caa a kansa, kowane yana son shi ya datsa, suka kama datsar juna. Kawuna da fukafukai suka yi ta zubowa, jini ya jiƙa kwarin har ya kai idon sawu. Suka ratsa suka wuce.

Birnin Garwashi ganuwarsa ƙarfe ce, titunansa gawayi mai rai. Aka ba su takalman dutse, aka shigar da su fada. Ragargazau yana zaune a kan wata uwar maƙera mai girman ɗaki, sanye da sulke bakwai, wani kan wani. Gemunsa harshen wuta ne. Suka faɗi suka yi gaisuwa.

Ya ce, "Ya ke 'yar Adam, kin san abin da ya sa sarkin da yake narka dutse da tafin hannunsa ya nemi tsohuwa irinki? Mu daga wuta aka yi mu. Auduga in ta shiga yatsunmu ƙonewa take. Sai wadda ta bi ta yawun ɗan Adam aka murza ta, ita ce take zama a jikinmu. Ku kawo rigar."

Aljanu huɗu suka shigo da akwatin dutse, suka buɗe. Wani tsohon farin tufafi ne a ciki, ya koma ruwan ƙasa, ya ruɓe rabi, duk huji.

Sarki ya ce, "Shekara dubu da suka wuce kakana ya fita da runduna zai ci ƙasar mutane. Mutum ɗaya ya tare shi, Barde Tankarau, ba sulke, ba garkuwa, daga shi sai takobi sai wannan riga. Ya kashe mana dubu uku kafin a kai shi ƙasa. Aka tuɓe rigar aka ajiye, don mun san ƙarfin a cikinta yake. Yanzu ƙanena Turnuƙu ya taso mini da yaƙi, nan da kwana bakwai za mu haɗu a fagen da Barden ya faɗi. Ina son irinta, sak, ba ragi ba ƙari. Mata arba'in sun gwada. Kowacce in aka kara tata da wannan sai a ga bambanci."

Marka ta matsa ta duƙa. Ta duba bakin tufafin, ba kalmasa. Ta duba gefe, ba aljihu. Wuyan tsaga ce kawai aka yi, ba ko ɗigon ado. Ta bi ɗinkin da yatsa tun daga sama har ƙasa, ba ƙulli ko ɗaya, kuma zaren ɗinkin daga jikin tufafin aka zare shi. Ta ɗago ta dubi Tunau. Shi ma ya gani.

Ya raɗa mata, "Don girman Allah ki yi shiru. Mu yi musu abinsu mu tafi."

Ta ce, "Yau kai ne mai cewa a yi shiru?" Ta juya ga sarki. "Ranka ya daɗe, ni ban iya ƙarya ba, na tsufa da koyonta. Wannan ba rigar yaƙi ba ce. Likkafani ne. Shi muke naɗe mamacinmu a ciki mu kai shi kabari. Ku da kuke komawa toka in kun mutu ba ku san shi ba. Barden nan ya sa likkafaninsa ne ya fito don ya riga ya sallama ransa. Wanda ya gama da tsoron mutuwa kuwa, dubu uku kaɗan ne a gabansa. Ƙarfin a ƙirjinsa yake. Wannan auduga ce kawai."

Gemun sarki ya tashi har ya lashi rufi.

Ya ce, "Arba'in sun ɓata mini aiki da hannu, ke kin zo ki ɓata da baki. So kike ki hana ni abin da ya ba ɗan'uwanku nasara. Tartsatsi!"

Tartsatsi ya kama kunnen Tunau na dama da yatsa biyu ya fizge. Ko jini bai zuba ba, don wurin ya ƙone nan take. Tunau ya faɗi yana birgima yana kururuwa, ƙaurin nama ya cika fada.

Sarki ya ce, "Wannan ladan gaskiyarki ne. Ranar yaƙi za ku tsaya kusa da ni cikin sarƙa. In ƙarfe ya taɓa jikina har jini ya fita, kansa zai bi kunnen."

Aka kai su wata rumfa. Marka ta tauna wani ganyen magani da ke ƙasan taskirarta ta manna wa Tunau a ciwon. Ba ta yi masa gori ba a wannan karon.

Ya ce, "Mun mutu, Marka. Farin ƙyalle ba ya tare mashi."

Ta ce, "Ko ya tare ma, ka taɓa ganin sarkin da aka yi wa rigar da babu irinta ya bar maɗinkin da rai? Bari dai in ga zaren."

Ta roƙa aka ba ta ɗan guntun zare daga tsohon tufafin. Ta warware shi a hankali a tafin hannunta, ta ga murɗinsa ya juya baya, ba yadda zaren kowa yake juyawa ba. Ta ce, "Ayya, 'yan'uwana mata. Ga abin da ya ci yatsunku. Bahaguwa ce ta kaɗa wannan." Ita kuwa Marka shekara hamsin da hannun dama take kaɗi.

Ta ce wa Tartsatsi audugar nan gajeren gashi gare ta, irin ta dā, ba a noma ta yanzu. Ya ce akwai ta a wuri ɗaya, fagen Tankarau. Ya kai ta har bakin fagen ya tsaya, don in ya shiga gonar za ta kama wuta.

Fagen nan ƙoƙunan kai ne shimfiɗe iyakar ganinka, na dakarun mutane da suka faɗi kafin Barde ya iso. Auduga ta tsiro ta cikin idanunsu, ta fashe a cikin bakunansu. Marka ta miƙa hannu za ta cira, haƙora suka datse, suka ɗauke mata kan ƙaramin yatsa. Ta tsotse jinin ta tofar. Ta zaro ƙarfen magurjinta, in ta zo ga kai sai ta cusa masa a muƙamuƙi ta danne, ta cire audugar, ta ce, "Gafara dai, bawan Allah," ta wuce na gaba. Wanda ya yi gardama ta fasa masa haƙora.

Tana tsakiyar fage sai ƙasa ta motsa a ƙarƙashinta. Wata fuska ta taso daga turɓaya, fuskar tsohuwa, faɗinta ya kai masussuka, idanunta rijiyoyi biyu.

Ta ce, "Ya ke mai tsinkar audugata, wa ya ba ki izini?"

Marka ta durƙusa ta ce, "Iya, wuya ce ta ba ni. Wace ce ke?"

"Ni ce Ƙasa, wadda kuke takawa kuna raye, kuke kwanciya cikinta in kun gama. Da izinin Mai Duka, duk abin da aka naɗe a likkafani nawa ne. Shekara dubu ke nan aka kawo mini Tankarau tsirara, aka tafi da suturarsa. Ban manta ba. Me za ki yi da audugar?"

Marka ta kwashe labari ta gaya mata.

Ƙasa ta ce, "To, ki kaɗa. Ranar da likkafanin nan ya taka fagen nan zan karɓi abina da abin da ke cikinsa. Amma ki sani, ni ba na karɓar mai ƙulli. Ƙulli na masu sauran zama ne a duniya. In na ga ko ɗaya, riga ce, ba ruwana da ita."

Fuskar ta nutse. Marka ta cika zanenta da auduga ta fito, ba ta ce wa Tartsatsi komai ba.

Ta zauna ta gurje audugar ta fitar da angurya, ta shiɓe ta da baka har ta yi laushi kamar kumfa, ta naɗa ta a kara ta yi sutu. Sannan ta shafa alli a yatsun hagu ta kama mazari. Ya faɗi. Ta sake, zare ya tsinke. Ta sake, ya fito da kauri kamar igiyar guga. Tambarin kwana na ɗaya ya buga, na biyu ya buga, ba ta da zaren kirki ko kamu ɗaya. Yatsunta suka kumbura suka fashe, allinta ya ƙare. Tartsatsi ya kawo mata wani a ƙoƙo, fari tas.

Ya ce, "Na ƙashin masu kaɗin da suka yi wa sarki tsiwa ne. Mun ƙona mun daka."

Ta karɓa ta ce, "Madalla. Su ma su sa hannu a aikin."

Ko allin ne, ko hannun ne ya gaji da gardama, Allah masani. A kwana na uku mazari ya tsaya a kan ƙafarsa yana siririn kuka, zare ya fara fita daga sutu kamar gashin jariri. Tana murzawa tana lasa, in ya tsinke ta haɗa baki da baki da yawu ta murje, ba ƙulli. Ta kaɗa siriri mai tauri na tsaye, ta kaɗa abawa mai laushi ta cikin ƙoshiya. Leɓunanta suka tsage saboda zafin garin, har wani wurin zaren ya ɗan yi ja. Tunau ya yi wadarin zaren tsaye, ya kafa masaƙarsa, ya yi ta jefa ƙoshiya da kai a ɗaure. Yana saƙa ta gaya masa abin da Ƙasa ta ce.

Ta ce, "Ka ji ko? Ko ɗaya."

Ya ce, "Ni za ki koya wa ɗinkin likkafani? Na ɗinka na ubanki, na ɗinka na nawa."

"Da kunne biyu ma ba ka ji, balle da ɗaya."

Ranar ta bakwai Tunau yana kan haɗa ƙyallaye, saura ɗinkin hammata, sai ƙahonnin Turnuƙu suka tashi daga bayan ganuwa. Tartsatsi ya faɗo rumfar da takobi tsirara yana cewa a gama ko a mutu. Tunau ya ƙarasa cikin gaggawa, ya gatsa zare, ya miƙa. Aka kara sabon da tsohon a gurguje. Murɗin zare ɗaya, faɗin ƙyalle ɗaya, tsagar wuya ɗaya. Ragargazau ya yi dariya har tartsatsi ya zubo daga rufi. Ya tuɓe sulkensa bakwai ya watsar, ya zura likkafani, ya ɗauki takobi.

Rundunonin suka haɗu a fagen Tankarau, gonar auduga ta kama da wuta tun karon farko. Aljanu suka yi ta saran juna, wanda aka sare sai ya fashe ya zama toka, wanda aka soka jininsa ya zubo kamar narkakkiyar darma. Kawuna suna mirginawa suna ci da wuta, hannaye suna tsalle a ƙasa da takubba a riƙe. Ragargazau ya kutsa tsakiya yana sara dama da hagu, ya raba wani sadauki tun daga kwalkwali har gindi, ya kama wani ya karya a gwiwa. Marka da Tunau suna bayansa cikin sarƙa, Tartsatsi yana jan su, toka tana zubo musu.

Marka idonta yana ƙasa. Sarki ya taka fage, ya yi taku goma, ya yi hamsin. Ƙasa ba ta motsa ba.

Ta ce, "Malam."

Tunau ya kau da kai.

"Malam, dube ni."

Tunau ya dubi hannunsa kamar ba nasa ba. Ya ce, "Wayyo Allah. Marka, na ƙulla. A hammatar dama. Wallahi ban sani ba, hannun ne ya yi abin da ya saba. Shekara arba'in ina ƙulle bakin zare."

Kafin ta buɗe baki, Turnuƙu ya keto runduna a kan wani baƙin karkanda, ya saki mashi. Mashin ya huda farin ƙyalle kamar yadda zai huda kowane ƙyalle, ya shige cinyar Ragargazau ya fita ta baya. Sarki ya durƙusa da gwiwa ɗaya, jini yana tafasa a ƙasa. Dakarunsa suka yi masa zobe suna tare mahara.

Ya daka tsawa, "Tartsatsi! Kan masaƙin!"

Takobi ya sauko. Tunau ya goce, takobin ya same shi a kafaɗa ya tsaga har ƙashi. Tartsatsi ya sake ɗagawa.

Marka ta ƙwala ihu da iyakar muryarta, "Ranka ya daɗe, dakata! Aikin ne bai cika ba! Akwai ƙulli ɗaya a hammatarka wanda babu shi a na Barde. Muddin yana nan, wannan ba irin waccan ba ce. Bari in cire!"

Sarki ya ɗaga wa Tartsatsi hannu. Ya laluba hammatarsa, ya ji ɗan ƙullin kamar ƙwayar gero. Idonsa ya yi haske.

Ya ce, "Ashe shi ya sa. Zo ki cire, 'yar Adam. In kin cire, me zai faru?"

Ta ce, "Abin da na gaya maka a fada. Zai zama likkafani."

"Har yanzu kina kan bakanki? Cire!"

Ya ɗaga hannu sama. Marka ta matsa, zafin jikinsa ya ƙone mata gira da gashin goshi. Ba wuƙa a hannunta, ba almakashi. Ta kama ƙyallen da hannun dama, babban yatsanta ya danne a kan haƙarƙarinsa, ta ji yana soyuwa, ba ta saki ba. Ta kai baki, ta laluba da haƙoranta huɗu, leɓunanta suna ƙuna. Ta kama ƙullin ta gatsa. Haƙori ɗaya ya fita tare da shi. Ta tofar da su duka biyu, ta ja da baya.

Ƙasa ta yi wata ƙara da ta sa rundunonin biyu suka tsaya cak. Fage ya tsage a ƙarƙashin Ragargazau, tsaga mai tsawon mutum, kai a kudu, kamar yadda ake haƙa kabari. Ya nutse zuwa gwiwa. Ya soka takobi zai dogara, takobin ya nutse. Ya kai ƙugu, ya kai ƙirji, yana yaƙushin ƙyallen zai yage, ƙyallen ya manne masa. Wutar gemunsa ta fara mutuwa.

Muryar nan ta taso daga ƙasa ta ce, "Na karɓi abina."

Tartsatsi ya saki sarƙa ya faɗa ramin ya kama hannun ubangidansa yana ja. Ya shiga har ƙugu. Ƙasa ta haɗe baki. Ƙafafunsa suka rage a waje suna shure-shure, sannan suka faɗi gefe suka zama toka. Yadda ya raba Gwadabe mahauci, haka aka raba shi.

Dakarun Ragargazau suka zubar da makamai. Turnuƙu ya sauko daga karkanda ya tsaya a kan tsofaffin nan biyu, ɗaya ba kunne kafaɗa a tsage, ɗaya baki a ƙone yatsa ya zama gawayi.

Ya ce, "Ya ke 'yar Adam, da me kika kashe wanda mashina bai kashe ba?"

Marka ta ce da kyar, "Ranka ya daɗe, ni kaɗi kawai na yi. Ya ce a yi masa, na gaya masa ko mene ne, ya ce a yi. Akwai sauran zare ma, in kana bukata."

Turnuƙu ya ja da baya taku uku. Ya ce a kwance musu sarƙa, a mayar da su inda aka ɗauko su, kuma daga ranar duk aljanin da ya sake taɓa mai kaɗi a bakin ransa.

Suka fito ta rijiyar marina, shuni har cikin hanci. Wanzami ya ɗinke wa Tunau kafaɗa, ya guntule wa Marka abin da ya rage na yatsan. Yatsun nan arba'in kuwa ba wanda ya yi ƙarfin halin taɓa su, suna nan a rumfa an kife musu ƙwarya. Marka ta tattara su, ta ɗora nata na arba'in da ɗaya, ta naɗe su a ragowar ƙyallen. Tunau ya miƙo hannu zai ɗinke.

Ta ce, "Kul. Ajiye hannun nan."

Ta ɗinke da kanta, ba ƙulli, aka kai su maƙabarta aka rufe.

Mata suka yi ta zuwa jaje, suna cewa shi ke nan an yi asarar hannun da babu irinsa a ƙasar. Ta bar su suka gama, sannan ta jawo taskira, ta shafa alli a hagu, ta murza mazari. Ya tsaya yana kuka.

Shi kuwa Tunau, har ya koma ga Allah bai ƙara ƙulla komai ba. Ko mazagin wandonsa sai dai ya soke shi. In ka gan shi a kasuwa, hannu ɗaya na riƙe da ƙugu, ɗaya yana nuna inda kunne yake dā, yana ba da labarin yadda ya tsaya gaban sarkin aljanu bai ko ƙifta ido ba. Marka tana rumfarta tana kaɗi, ba ta ɗago kai. Sai in ya yi nisa ta ce, "Malam, riƙe wandonka da kyau, ka kai labarin wurin ƙullin."